Manhajar da za ta ji abin da ke bayan "da sauƙi"

Filin Tambayi Anti Nas

Wasiƙa ɗaya ta cinye mini kusan duk filin wannan makon. Masu tambaya kan ƙurajen yara da maganin tsutsar ciki ku yi haƙuri, taku tana nan a ajiye sai mako mai zuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina karanta kimiyyar kwamfuta a nan Jos, gidanmu yana Anguwar Rogo. Mahaifiyata ta shekara tara da hawan jini, bara kuma likita ya ce zuciyarta ta raunana. Sau biyu ana ba ta gado, kuma duka biyun sai da jiki ya yi tsanani muka farga. Ina so aikina na kammala karatu ya zama manhajar waya da marar lafiya zai riƙa shigar da alamun ciwonsa daga gida. Na riga na zana ta. Mutum zai buɗe asusu da imel, kullum ta tambaye shi yaya jiki, ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 10, ya shigar da awon jininsa, ta zana masa jadawali, daga ƙarshe ta faɗa masa cutar da ke damunsa. Malamina ya ce tsarin ya yi. Ni dai ina so in ji ta bakin wadda ta yi jinya. Me ya rage mini?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya yi maka albarka da ka tuna da ita a karatunka. Ban san rubuta manhaja ba, wayar hannuna ma jikata ce ke gyara mini ita idan ta rikice. Abin da na sani shi ne bakin gadon marar lafiya, don a nan na yi furfura. To daga nan zan amsa maka.

Bari mu fara da tambayarka ta farko, "yaya jiki?" Je ka yi wa Hajiya ita yanzu. Ni daga nan inda nake zaune zan faɗa maka amsarta: "Da sauƙi, alhamdulillahi." Na ji wannan amsa daga bakin matar da ake ƙara wa jini leda ta uku. Na ji ta daga bakin dattijon da bai kai la'asar ba. Ba ƙarya suke yi ba, tarbiyya ce da tawakkali, Bahaushe ba ya kai ƙarar jikinsa wurin mai gaisuwa. Idan manhajarka ta gaishe da Hajiya, gaisuwa za ta mayar mata. Za ka tara "da sauƙi" talatin a wata, jadawalinka ya miƙe sambal kamar titin Zariya, ranar ta talatin da ɗaya ku nemi Keke da tsakar dare.

Haka ta faru da ni a kan mahaifina, Allah ya ji ƙansa, kuma ina nas a lokacin, da farar riga da komai. Ciwonsa irin na Hajiya ne. Yana gidanmu na Gangare, ni ina aure a wata unguwa, kullum da safe in kira shi. Da sauƙi. Wata Asabar cikin Disamba, irin sanyin nan na Jos da ruwan randa ke yanka hannu, na je gaishe shi, ƙanwata tana zuba mini kunu tana hira, sai ta ce ai Baba kwana biyar ke nan a ɗaki yake sallar asuba, a zaune ma. Ta ce shekaranjiya ya sa an ƙaro masa filo na uku, wai ƙasa-ƙasa ɗin nan yana hana shi barci. Na dubi ƙofar ɗakinsa, takalminsa na fata da ba ya rabuwa da shi yana jingine ya yi ƙura, silifas ɗin wanka ne a gaba. Na shiga na danna babban yatsana a ƙwaurinsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ruwa ne ya taru masa a jiki, har ya fara hawa huhu. Duk alamun suna nan a tsakar gida kwana biyar, kowa ya gan su, ba wanda ya san alamu ne. Ni kuma da na san alamu ne, tambayar da nake yi ba ta kai gare su ba.

Bayan an sallamo shi na sayi littafin rubutu na 'yan firamare na ja layi huɗu. Sallar asuba: masallaci, ɗaki a tsaye, ko a zaune. Filo nawa. Takalmi ya shiga ko bai shiga ba. Sai nauyinsa a sikeli, da safe bayan ya yi fitsari kafin ya karya, da kaya iri ɗaya. Ƙa'idar da likitocin zuciya ke bayarwa ita ce, idan nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ba ƙiba ba, a nemi likita ya duba maganin da ke fitar da ruwan ta fitsari. Sau biyu littafin nan ya sa muka je asibiti da ƙafarmu da rana tsaka, aka gyara magani muka dawo gida muka ci tuwo.

Wannan littafin shi ne manhajarka. Ka tambayi abin da mutum ya yi ko ya kasa yi, abin da ƙanwarka za ta iya gani da ido ta amsa ko da Hajiya tana barci. Lambar nan ta 1 zuwa 10 ka ajiye ta. A asibiti muna amfani da ita, amma muna tsaye ne a kan mutum muna kallon fuskarsa. Tsohuwa ba ta auna ciwonta da lamba. Idan ka matsa mata za ta ce 3 don kada ta tayar maka da hankali, gobe ta ce 7 don ka ɓata mata rai. Amma "ciwon ya hana ki barci jiya?" amsarsa e ce ko a'a. "Kin iya zuwa banɗaki ba ki tsaya hutawa ba?" haka. Kuma ka tuna garinmu Jos ne, Hausa ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Mutumin Berom, Afizere da Anaguta da yawa da ita suke yi wa nas bayanin ciwo. Wanda ba sallar asuba zai auna ba, ka ba shi damar zaɓar abin da ya saba yi kullum, ko tafiya coci ce, ko hawa tudun gidansu, ko ɗebo ruwa a rijiya. Garin nan ba a rasa tudu.

Sai kalmomi, kuma a nan nake so ka daɗe. Kada ka rubuta tambayoyin da Turanci sannan ka juya su, za su fito kamar takardar cikin kwalin magani. Ka zauna da tsofaffi ka ji yadda suke faɗa. Wata za ta ce maka "jiri", tana nufin in ta miƙe sai ido ya yi duhu, wanda sau da yawa maganin hawan jini ne ya sauke jinin fiye da kima. Wata ta ce "jiri" tana nufin ɗakin ne ke juyawa, hajijiya ke nan, kuma wannan wata hanya ce daban. "Zuciyata na tashi" amai ne ke taso mata, ba ruwansa da zuciyar da likita ya ce ta raunana. "Gabana na faɗuwa" kuwa yana iya zama bugun zuciyar ne ya rikice, yana iya zama tunanin ɗanta da ke hanyar Kaduna. Kalmar "sanyi" ita ce uwar rikici: ciwon gaɓoɓi sanyi ne, mura sanyi ce, ciwon mara na mata sanyi ne. Idan ka sa akwati ɗaya mai suna "sanyi", kowa zai danna, kai kuma ba abin da ka sani. Kowace irin wannan kalma tana buƙatar 'yar tambaya ta biyu a bayanta. Sannan ka naɗi muryar mutum yana karanta tambayoyin, mace babba in da hali, don da yawa daga masu jinya ba sa karanta boko, wasu kuma idon ne ya tafi.

Imel ɗin nan ma ka cire. Hajiya tana da imel? In ma tana da shi, kai ka buɗe mata, kai ka san lambar sirrin. A yawancin gidajen da na shiga, babbar waya tana hannun ɗa ko miji, kuma tana fita da shi tun safe. Ta tsohuwa ƙarama ce mai madannai, Itel ko Tecno, ana ɗaure ta a bakin zane. Saboda haka ka gina abin a kan mai jinya, waya ɗaya ta iya ɗaukar mutum biyu ko uku, don gidan da ake jinyar uwa sau da yawa ana jinyar kaka. Ta yi aiki ko babu data, ta ajiye bayanin a cikin wayar sai sabis ya samu ta tura. Ka yi tunanin ranar da aka kwana biyu ba wuta. Ga mai ƙaramar waya kuma akwai saƙon tes da USSD, irin lambobin nan da muke dannawa mu tura kuɗi, wanda ko mai sayar da dankali a Farin Gada ya iya. Wani yaro da ke wannan sana'a ya nuna mini wani abu da ya ba ni mamaki: saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya a ciki, sai ya koma 70, saƙonka ɗaya ya zama uku, kuɗin ma haka, wasu ƙananan wayoyin kuma su nuna akwati a wurin harafin. Sai ka zaɓa, ko ka rubuta ba lanƙwasa ka kauce wa kalmomin da za su rikita mutum, ko ka taƙaita ƙwarai. Ni da ke faɗa da jikokina kan rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", a nan na sassauta.

Awon jini kuwa, shigar da lamba shi ne mafi sauƙi a cikinsa. Wahalar ita ce lambar ta zama ta gaskiya. Na sha ganin an auna mutum yana shigowa daga kasuwa, goro a baki, yana ba da labari, hannun a rataye. Wannan lambar shara ce, kuma manhajarka za ta zana ta da kyau kamar sauran. Kafin ta karɓi lamba, ta bi da mutum mataki-mataki: ya zauna minti 5 bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur ko filo daidai ƙirji, ba goro ba kofi ba sigari minti 30 kafin nan, ba magana. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma. Na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu, kuma mai kaurin damtse yana buƙatar babban maɗauri, in ba haka ba lambar za ta haura ta ƙarya. A asibiti 140/90 ne iyaka, a gida 135/85, domin a gida mutum ba ya cikin fargabar farar riga. Kuma matsakaicin kwana bakwai ake dubawa, ba awo ɗaya ba. Idan manhajarka ta yi ja ta yi ƙara duk lokacin da ta ga 145, cikin mako guda Hajiya za ta ce a raba ta da abin nan mai tayar mata da hawan jini, kuma ta yi gaskiya.

Jan launi da ƙara ka ajiye su don ranar da suka dace. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, magana ta harɗe: shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma awannin farko su ne komai. Ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora dutse. Haki a zaune ba a yi aikin komai ba. Awo ya kai 180/120 tare da matsanancin ciwon kai ko gani dishi-dishi. A irin wannan kada manhajar ta ci gaba da tambaya ta shida da ta bakwai. Allon ya cika da magana ɗaya, a tafi asibiti yanzu, da maɓalli ɗaya da zai kira wanda aka riga aka ajiye lambarsa. Akwai 112, lambar gaggawa ta ƙasa, ka sa ta. Amma ka sa wurin lambar maƙwabci mai mota da mai Keken unguwa, don ni da kai mun san wanda zai riga isowa lungun Anguwar Rogo da ƙarfe biyun dare. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun ranar da aka buɗe manhajar za ta nemi waɗannan lambobi.

Yanzu abin da za ka ji zafinsa. Sashen nan da zai faɗa wa mutum cutar da ke damunsa, ka goge shi. Na san shi ne adon aikin, shi za a tafa wa ranar kare shi. Amma ɗauki zazzaɓi kawai. Zafin jiki, ciwon kai, kasala, ciwon jiki: maleriya ce, taifot ce, kuma kwanakin farko na zazzaɓin Lassa ne, ba bambanci. Mu mutanen Jos bai kamata a koya mana wannan ba. A 1969 nas ɗin nan 'yar mishan, Laura Wine, da ta kamu da ciwon a garin Lassa na ƙasar Borno, nan Jos aka kawo ta ta rasu, daga kanta aka fara sanin cutar. A 1970 likitar asibitin Jan Kwano, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ita ma ta tafi. Ƙwararru ne, marasa lafiyar suna gabansu, amma sai da ɗakin gwaji ya raba gardama. Waya ba za ta raba ba. Ranar da manhajarka ta ce wa mutum maleriya ce, kemis zai tafi, ba asibiti ba. Abin da za ta iya faɗa da gaskiya iri uku ne: ci gaba da lura, nemi ma'aikacin lafiya yau, ko tafi yanzu. Ga zazzaɓi ta ce a yi gwaji kafin a sha magani, idan kuma an sha maganin maleriya kwana uku jiki bai sauka ba a koma, a kuma nuna lambar kiran kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, 6232.

Ga tambayar da ban gani a zanenka ba, kuma ta fi duk waɗanda na lissafa nauyi. Hajiya ta danna cewa filo uku ta sa jiya. Bayanin ya tafi ina? Wa zai gani? Cikin awa nawa?

A 2017 wani likita mai suna Ethan Basch da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a wani babban asibitin ciwon daji a New York ta Amurka. Mutum 766 masu shan maganin daji aka raba biyu. Kashi ɗaya suna shigar da alamu 12 ta intanet, kashi ɗaya suna jiran ranar ganin likita yadda aka saba. Masu shigarwar sun rayu kimanin wata 31, sauran wata 26. Wata biyar, ba da wani sabon magani ba. Masu sayar da manhaja suna son wannan labari, sai dai sukan tsallake tsakiyarsa: duk lokacin da alama ta yi tsanani, saƙo yana zuwa wa nas, nas ɗin kuma galibi tana ɗaga waya ta kira. A gida ma mun gani. Da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu ciwon aka bi, kowane ana auna zafin jikinsa har kwana 21, ana tura bayanin ta waya. Ziyarar ido da ido da ma'aikata suka kai ta haura 18,000. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita. Wayar ta taimaka ƙwarai, amma duk lambar da ta haura akwai mota da mutum a bayanta.

Saboda haka kafin ka ƙara rubuta layi ɗaya, je asibitin da Hajiya ke ganin likita ka nemi nas ɗin da ke kula da masu hawan jini. Ka gaishe ta da kyau, ka jira ta gama da layi. Ka tambaye ta ko za ta iya duba saƙon mutum goma a rana, da wane lokaci, da katin wa za ta kira. Kada ka yi mamaki idan ta yi dariya, mai yiwuwa ita kaɗai ce a kan mutum sittin. In ta yarda, ka tsara mata allo ɗaya da zai nuna mata mutum biyun da ke buƙatarta yau, sauran takwas ɗin su yi shiru. In ba ta yarda ba, aikinka bai mutu ba, sai dai ka faɗa wa mai amfani da shi gaskiya da manyan baƙaƙe, cewa ba wani likita da ke kallon abin da yake shigarwa. Na fi tsoron wannan fiye da komai: tsohuwa ta ce ai na sa a waya, da akwai matsala da sun kira, ta gyara kwanciya. Gara ba manhajar da irin wannan kwanciyar hankali.

Ko babu nas, akwai aikin da manhajar za ta yi wanda ya isa a ba ka maki. Ranar asibiti likita yana da 'yan mintuna ne, ga layi har waje. Zai ce yaya jiki, ka san amsar. Idan ƙanwarka ta miƙa masa shafi ɗaya, da Turanci wannan karon, mai nuna matsakaicin awon jini na kowane mako, nauyi, ranakun da aka tsallake magani da dalili, da daren da aka ƙara filo, ka canja wannan ganawar gaba ɗaya. Ka sa "kuɗin magani ya ƙare" cikin dalilan. Shi ne dalilin da aka fi jin kunyar faɗa wa likita, sai ya ɗauka maganin ne bai yi ba ya ƙara wani a kai.

Sirri kuma. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ka karanta ta, ka nemi izinin mutum da harshen da yake ji. Amma sirrin da ni na sani ya fi kusa da haka. Na taɓa zama a wani gida ana hira, wayar matar gidan ta yi ƙara, ta miƙa wa ɗanta ɗan aji huɗu ya karanta mata. Yaro ya karanta da ƙarfi, yana alfahari da bokonsa, saƙon tunatarwa ne daga wani wurin jinya, da sunan maganin a ciki. Uwar mijinta tana zaune a kan tabarma. Ban san abin da ya biyo baya ba, na dai ga yadda matar ta sunkuyar da kai. Saƙonka kada ya ambaci cuta ko magani. "Lokacin rubutun safe ya yi" ya isa. Kada ka nemi hoton mutum ko adireshinsa in ba ka da abin yi da su.

Sannan ka san mutane za su gaji. Littafin Baba makon farko cike yake, mako na uku ya fara giɓi, ni da ƙanwata har muka yi 'yar tsama a kai. Tambayoyi kada su wuce biyar, a gama kafin shayi ya huce, a ɗaura su a kan abin da ba a mantawa, kamar bayan sallar asuba ko lokacin shan maganin safe. Idan aka kwana biyu ba a shigar da komai ba, saƙo ya tafi wa ɗa ko 'yar da aka zaɓa. Wani lokaci caji ne ya ƙare. Wani lokaci mai jinyar ce hankalinta ya tashi har ba ta tuna da waya ba.

Ka fara da takarda. Ka ja layukan a littafi, ka kai gida biyar a unguwarku, har da gida ɗaya da ba wanda ya yi boko, ka bar musu mako biyu. Ka dawo ka zauna ka yi shiru ka ga inda suka tsallake da inda suka rubuta abin da ba ka tambaya ba a gefen shafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka gama ka kawo mini in gani, ka gaishe mini da Hajiya, ka kuma leƙa ƙofar ɗakinta yau ka ga wane takalmi ne a gaba.

TAMBAYA: Anti, ɗana mai shekara 4 yana da sikila, muna zaune a Bukuru. Na sayi 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin da ke cikin jini. Da safe takan nuna 91 ko 92, hankalina ya tashi, da rana kuma ta nuna 96. Wanne zan yarda da shi?

AMSA: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Na'urar haske take harbawa ta cikin yatsa, don haka yatsa mai sanyi, motsi, jan farce ko baƙin lalle duk suna rikita ta, ga safiyar Bukuru kuma kin san ta. Ki ɗumama hannunsa a cikin naki, ya zauna shiru, ki jira lambar ta tsaya. In duk da haka tana nan a 91 ko 92, ki kai shi asibitin masu sikila a auna da tasu, su faɗa miki lambar da ta zama tasa idan yana lafiya, don wasu yaran masu sikila tasu takan ɗan yi ƙasa, kuma muna kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, wanda shi ma kan ɗan rage lambar. Ki rubuta ta a bangon littafinki.

Amma 96 ɗin ma kada ta ruɗe ki. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna na'urar ta fi yawan nuna lamba mai kyau ta ƙarya a kan baƙar fata. Ki fi yarda da idonki da ma'aunin zafi. Zafin jiki ya kai 38, asibiti a ranar, ba a jira gobe da mai sikila. Ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana kwance shiru, a shekarunsa 40 ko fiye ya yi sauri. Tari da ciwon ƙirji, tafin hannu ya yi fari fat, ciki ya kumbura ta hagu, ɓari ɗaya ya yi rauni, ko gabansa ya miƙe yana ciwo ya ƙi kwanciya, duk waɗannan tafiya ce nan take, ko na'urar ta nuna 99. Ruwan sha da yawa, rigar sanyi da safa tun kafin hunturu ya kankama.

TAMBAYA: Anti, ni da abokina a Rikkos duka muna da ciwon suga. Da safe kafin mu karya tawa na'urar ta nuna 6.8, tasa ta nuna 122. Ya ce tawa ta lalace, ni na ce shi ne ke bakin kabari.

AMSA: Malam, ku sasanta, sukarinku ɗaya ne. Taka tana awo da mmol/L, tasa da mg/dL, kamar mudu da tiya. Ka ninka taka sau 18, za ka samu 122. Ka duba 'yan haruffan da ke gefen lambar, ka riƙa rubuta su tare da ita duk lokacin da za ka nuna wa likita. A taka, ƙasa da 3.9 suga ya faɗi, a tasa ƙasa da 70, a sha abu mai zaƙi nan take ko da ana azumi. Ɗalibina na Anguwar Rogo, in kana karantawa, ka sa manhajarka ta tambayi wace irin na'ura ce a gidan tun ranar farko.